Gimbiyar Dinko da Zobe na Huɗu

A kwatar garinmu zobban ƙarfe na ɗaure jirgi goma sha tara ne kafe a jikin dutse, jiragen kamun kifi kuwa sun haura talatin. Mai zobe, jirginsa na hutawa a inuwar coci, iska ba ta taɓa shi. Marar zobe sai ya ja nasa kan tsakuwa kamar mushen jaki, kullum safiya yana neman mai taya shi turawa. Shi ya sa tun zamanin kakanni aka kafa doka: jirgin da ya shekara bai kawo kwando ɗaya cike da abin teku ba, ranar bikin Waliyyi Marko, ƙararrawar tsakar rana na bugawa, mai shi zai kwance igiyarsa da hannunsa, a ba wani zoben.

Zobe na huɗu, wanda ke daidai ƙofar shagon kofi, na gidan su Dinko ne tun kakansa. Shi kuwa Dinko, in da baki ake kamun kifi, da tuni tekun Adriya ta zama fayau. A bakinsa ya taɓa kama kifin da sai da aka ciro ƙofar coci aka ɗauko shi a kai. A zahiri, shekarar nan kaf abin da ya shiga jirginsa ruwan sama ne da kyanwar Fada, limamin cocinmu.

Saura mako shida biki, Baba Lovre, dattijon da ke riƙe da kwandon awo, ya tsaya a kansa yana shan kofi.

"Yaro, kwandona bai ga fuskarka ba bana."

"Baba, ai ni ba na kamun tsince-tsince. Sau ɗaya nake fita."

"To fita ɗin. Duk abin da ya fito daga teku, in ya cika kwando, na karɓa. In bai cika ba, ga Bepo nan, shekara tara yana jan jirgi a tsakuwa."

Bepo, maƙwabcin Dinko, yana gefe yana gyaran koma. Bai ɗago ba, sai dai ya kalli zobe na huɗu irin kallon da ake yi wa naman da ke kan wuta.

Lokacin sipa ne, wata dabbar teku mai laushin jiki. Da bazara sipa kan matso bakin gaɓa neman aure, da hannuwanta goma cunkushe a fuska da jakar tawada a ciki, kuma kowa a nan ya san yadda ake kama ta. Ka samu mace mai rai, ka ɗaura mata zare, ka ja ta a hankali a bayan jirgi. Namiji na ganinta hankalinsa ya tafi, ya zo ya rungume ta, kai kuma ka sa koma ka kwashe shi. Kwana ɗaya ko biyu macen ta gaji, ita ma ta bi mazajen cikin tukunyar baƙar shinkafa, wadda ake dafawa da tawadarsu.

A nan Dinko ya ga abin da duk masuntan duniya suka kasa gani.

"Ku matsalarku rowa," in ji shi, ya juyo wajenmu 'yan benci. "Kuna jan mace a yunwace, a rame, kuna jiran manyan maza. Wane babban mutum ne zai bi ramammiya? Ni zan ɗauki guda, in kai ta gida, in yi kiwonta mako shida. Ranar da na sa ta a ruwa, har daga Italiya za su zo."

Ya taka zuwa bahon da Bepo ya zuba kamun safiyar, ya duba, ya nuna wadda ta fi duka girma, jikinta ratsi-ratsi fari da baƙi, sai walƙiya take.

"Wannan. Dubi ado. Mace ce ta gidan sarauta."

Goggo Vinka, wadda ta shekara hamsin tana feɗe sipa a bakin kwata har yatsunta suka rine, ta ɗago kai.

"Ɗan nan, wannan ai..."

"Goggo, ke sai sun mutu kike saninsu. Bar masu rai ga masana."

Goggo ta rufe bakinta, ta ci gaba da feɗa. Bepo kuwa, mutumin da bai taɓa ba kowa ko ƙashin kifi kyauta ba, ya ɗauko ta da hannu biyu ya sa wa Dinko a bokiti.

"Kyauta, maƙwabci. Allah ya ba da zaman lafiya."

Dinko ya raɗa mata suna Gimbiya tun kafin ya kai gida.

Gidan nasa yana can saman gari, matakala tamanin da huɗu daga bakin ruwa. Ya samo wani tsohon akwatin gilashi daga gidan abincin da ya rufe, ya ɗora shi a falo kan akwatin auren matarsa, ya zuba yashi, ya jona injin hura iska mai gurnani kamar tsoho na minshari. Matar, Perina, 'yar kan duwatsu ce, a cikin tumaki ta girma, abin da ta sani game da teku shi ne yana jiƙa wando.

"Wannan abin a falona zai zauna?"

"Ba abu ba ce. Baƙuwa ce."

"Baƙuwa mai ido kamar na akuya. Wa zai ɗebo mata ruwa?"

Shi ne ya ɗebo. Ruwan teku, bokiti biyu, sau shida a rana, matakala tamanin da huɗu. Mutumin da a da ko burodi ba ya sauka saya.

Kwana na biyu da safe ya leƙa akwati, babu Gimbiya. Yashi ne kawai da dutse ɗaya. Yana tsaye hannu a ka sai iska ta kawo masa ƙamshin albasa da man zaitun da tawada daga gidan Goggo Vinka. Bai tsaya sa takalmi ba. Ya faɗa mata kicin, ya sunkuci tukunyar baƙar shinkafa daga kan wuta, ya fito da ita tsakiyar layi.

"Jama'a ku zo ku shaida. Tsohuwa ta shiga gidana ta dafa mini arziki."

Mata suka leƙo ta tagogi. Goggo ta fito da ludayi a hannu, ba ta ko ɗaga murya ba.

"Ajiye mini tukunya kafin ta kama."

"Sai kin faɗa wa duniya wace ce a ciki."

"Guda uku ne a ciki, ƙanana, kuma ba wadda ta faɗa mini sunanta."

Sai ga muryar Perina daga sama. "Dinko, dutsen nan naka yana kallona."

Gimbiya ce ta tona yashi ta kwanta, ta rikiɗe ta koma launinsa, ido biyu kawai a waje. Dinko ya mayar da tukunya, tafin hannunsa duk ya tashi.

"Gwada ki na yi, Goggo. Kin ci jarrabawa."

"Na gode, malam. Tunda ka zo, bari in ƙarasa maka maganar rannan. Sipar nan taka..."

"Wata rana, Goggo. Ana jirana."

Sai maganar abinci. Ya ba ta burodi jiƙe da man zaitun, ta kau da kai. Ya ba ta cukun tumakin da surukarsa ta aiko, ta yi baƙi ƙirin ta koma lungu. Ya sayo kifin sadin, ya yanka mata ƙanana a faranti, ta hura masa ruwa a ido. Kwana huɗu ba ta ci komai ba, shi ma ya daina ci. Rana ta biyar wani ɗan jatan lande mai rai ya shigo cikin bokitin ruwa bisa kuskure. Gimbiya ta taso a hankali, launi na gudu a jikinta kamar inuwar gajimare, ta harba dogayen hannuwa biyu, kafin ƙiftawar ido babu jatan lande.

"Kin gani? Mai rai take ci. Jinin sarauta ke nan."

"Ni ma mai rai nake so," in ji Perina. "Shekara ashirin ana ba ni labari."

Daga ranar Dinko ya koma mutumin cikin ruwa. Gari na wayewa yana tsakanin duwatsu, wando naɗe, yana ɗaga dutse yana cafke ƙaguwa, yana tace jatan lande da tsohon labule. Gimbiya ta fara da biyar a rana, ta koma goma, ta koma duk abin da aka kawo. Hannunsa ya faɗa har ya zama ƙaguwa na ganin inuwarsa take sallamawa. Mu dai muna benci muna kallon ikon Allah: Dinko na aiki.

Ajiyar abincin ce ta zama fitina. Ƙaguwar dutse ba ta zama inda aka ajiye ta. Perina ta samu ɗaya a takalmin zuwa coci, ɗaya a cikin garin fulawa, ɗaya kuma ta same ta ita, a inda ba a faɗa, lokacin da ta zauna a kujera. Da ƙyar aka sasanta a kan wata tsohuwar randar man zaitun mai murfin katako, a bakin ƙofa, da sharaɗin murfin ba zai taɓa barin bakinta ba.

Mako na huɗu ya ce lokacin tarbiyya ya yi. Mace, in ji shi, sai ta san tana da kyau kafin ta iya jan hankali. Ya ciro madubin ɗakin kwana ya jingina a jikin gilashi. A ranar kuwa Perina ta shimfiɗa farin leshin teburin coci a falo tana ƙarasa bakinsa, aikin wata biyar, wanda za a shimfiɗa ranar biki, Fada Anselmo kuma ya hauro duba shi, yana zaune yana haki da kofi a hannu.

Gimbiya na ganin madubi ta miƙe. Ratsin jikinta ya fito baƙi da fari kamar an zana da wuƙa, fuskarta ta yi duhu, ta miƙa hannu ɗaya gefe, ta yi kan gilashi.

"Kishi," in ji Dinko, yana murna. "Fada, dubi kishi. Ko kanta ba ta yarda ta fi ta kyau ba."

Fada ya matso, ya sunkuya. Shi ɗan masunci ne, ya kuwa buɗe baki zai yi magana. Daidai nan Dinko ya ƙwanƙwasa gilashi don ta juyo a ga gabanta. Gimbiya ta taso saman ruwa ta saki abin da ta tara mako huɗu. Rabi ya samu Fada daga goshi zuwa wuya. Sauran ya haye kafaɗarsa ya sauka a tsakiyar leshi.

Injin iska na ta minsharinsa.

"Ai baƙi ne kayan naka dama, Fada," in ji Dinko. "Ba za a gani ba."

Fada ya goge ido ɗaya, ya dubi Dinko da shi, ya dubi akwatin.

"Akwai abin da na yi niyyar gaya maka, ɗana. Na fasa. Ubangiji zai sanar da kai a lokacinsa."

Perina ta miƙe. Ta naɗe leshinta, ta ɗauki matashin Dinko ta ajiye masa kusa da akwatin gilashi. Nan ya koma da kwana har biki, kuma ya gaya mana shi ya zaɓa, don Gimbiya ba ta son kaɗaici.

Gaskiyar magana, zuwa lokacin ya kamu. In ya shigo, takan taso ta tsaya daidai fuskarsa tana kaɗa gefen jikinta kamar bakin zane. Yakan sa yatsa a ruwa ta naɗe shi. Yana ba ta labarin kifin ƙofar coci, ita kaɗai ce a garin ba ta taɓa cewa ƙarya ne ba.

Jajiberin biki ya wuni a ruwa, ya cika randa har baki da ƙaguwa, walimar da zai yi wa Gimbiya in sun dawo da nasara.

Ranar Waliyyi Marko teku ta kwanta lumui, ana ganin ƙasanta kamar ta cikin kofi. An fito daga coci, gari duka ya jeru a bakin kwata cikin kayan ado. Sai ga Dinko na saukowa, farar riga, hular kakansa, rungume da babbar tasar miyar Perina, an rufe ta da wani faifan katako don kada rana ta taɓa Gimbiya.

A al'ada ƙugiya ake sokawa a ƙarshen bayan macen. Dinko ya ɗauko ƙugiya, ya dubi Gimbiya, ta dube shi. Ya mayar aljihu. Ya zaro wata 'yar ɗamara da ya yanka daga leshin da ya ɓaci, ya ɗaura mata a tsakiya, ya haɗa da zare.

"Amarya da lulluɓi," wani ya ce daga benci.

"Ku yi dariya yanzu. Baba Lovre, a nemo kwando na biyu."

Ya tuƙa a hankali, tsawon jifa daga kwata, inda kowa ke gani. Ba a jima ba ga namiji ya taso daga cikin ciyawa. Ga na biyu. Ga na uku, ƙato. Dinko ya ɗaga koma, ya waiwayo ya kashe wa jama'a ido.

Gimbiya ta kumbura. Ratsin nan ya fito, fuska ta yi duhu, hannu ya miƙe gefe, irin na ranar madubi. Na farko ya yi fari fat ya ja da baya. Na biyu ya bar tawada ya ɓace. Ƙaton ya tsaya gardama, Gimbiya ta yi kansa ta kafa masa baki, ya gudu ko waiwaye babu.

"Zaɓe take yi," Dinko ya faɗa da ƙarfi. "Ba kowane talaka take kulawa ba."

Ya kai gaba, ya dawo, ya sake kaiwa. Awa biyu. Duk namijin da ya leƙo, Gimbiya ta raka shi. Sai da ta share bakin kwatar nan tas, ko mai gadi albarka.

Can sai ga Bepo ya ɓullo daga bayan dutse, yana tuƙi kamar mai zuwa gaisuwa, yana jan wata 'yar mace ƙarama, launin toka, ramammiya, irin wadda Dinko ya ce babban mutum ba ya bi. Ya gifta ta gefen jirgin Dinko.

Gimbiya ta tsaya cak. Launi ya shiga gudu a jikinta irin wanda Dinko bai taɓa gani ba, ko a kan jatan lande. Ta ja zare, ta murɗa, ta zame daga cikin ɗamarar leshi kamar sabulu, ta tafi kamar harsashi, ta rungume ramammiyar Bepo da hannuwa takwas, fuska da fuska, a gaban Fada da matan zumunta da kowa.

Bepo ya sa koma ya kwashe su biyun.

Ba wanda ya yi dariya tukuna. Jira ake. Goggo Vinka ta taka har bakin dutse, ta gyara ɗankwali.

"Ɗan nan, yanzu zan iya ƙarasawa?"

Dinko ya jawo zarensa, ɗamara kawai a jiki.

"Namiji ne. Tun a baho namiji ne. Mazan ne masu adon. Jikata 'yar shekara biyar ta sani."

Sannan kwata ta fashe. Har Baba Lovre sai da ya zauna a kan kwandonsa.

Bepo ya ciro Gimbiya daga koma, ya ɗaga shi sama daidai fuskarsa don na baya su gani. "Maƙwabci, ka iya kiwo, wannan kam ba a musu. Shi kaɗai zai ciyar da..."

Bai ƙarasa ba. Tawadar ta same shi a baki buɗe, ta gangaro kan rigar bikinsa. Ya saki, ya yi baya, ya taka bakin koma ta kife, ango da amarya suka faɗa ruwa tare. Zaren macen ya zame daga inda Bepo ya ɗaura shi. Baƙin gajimare kawai suka bari.

Baba Lovre ya share hawaye ya dubi agogon coci. "Saura minti goma sha biyu, yaro. Kwando na nan yadda yake."

A nan Perina ta ratso jama'a, ta tsaya a kan mijinta da ke fitowa daga jirgi da ɗamarar leshi a hannu.

"Baba, cewa ka yi duk abin da ya fito daga teku?"

"Haka na ce."

"Har ƙaguwa?"

"Ƙaguwa ba a gona take tsirowa ba."

Ta juyo. "Mako shida kana ɗura wa ƙaton banza abin da zai cika kwandon nan sau biyar. Randa na can cike. Gudu."

Dinko ya buɗe baki zai ce shi ba mai kawo ƙaguwa gaban jama'a ba ne. Ya dubi zobe na huɗu. Ya fizgi kwando ya zura.

A matakala ta talatin ya gamu da ta farko, tana saukowa a karkace. A ta arba'in ya gamu da 'yan uwanta. Daga nan zuwa sama layin gaba ɗaya motsi yake, ƙaguwa bisa ƙaguwa, kowace ta nufi teku, wasu ta magudanar ruwa, wasu ta ƙarƙashin ƙofofin mutane. Sai a lokacin ya tuna faifan katakon da ya rufe tasar miya da shi. Murfin randa ne.

Ya duƙa yana cafka. In ya jefa biyu a kwando, ɗaya ta haura ta fice. Ya bi wata har cikin kicin ɗin Goggo Vinka. Ya cusa wasu a hula, wasu a riga, abin da ya yi nadamarsa nan take. Ƙararrawa ta fara bugawa yana rarrafe a matakala ta goma sha ɗaya.

Ya iso kwata a bugu na ƙarshe. Baba Lovre ya leƙa kwando.

"Bakwai."

"Takwas, Baba. Ɗaya na cikin wandona."

"Bar ta nan. Kwance igiyar."

Ya durƙusa. Ƙullin kakansa ne, ya shekara hamsin ba a taɓa shi ba sai dai a sauya igiya a maimaita shi, sai da ya sa haƙori. Ba wanda ya yi dariya a wannan. Bepo ya zo da tasa igiyar, fuska baƙa har kunne, idanu kawai ke fari, ya ɗaura.

Dinko ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwa, ya ƙare wa Bepo kallo.

"Kun dai ga saitin nan. Cikin baki, daga nesa, ba kuskure. Wa kuke tsammani ya koya masa? A kan Fada muka fara gwaji."

Mutum goma sha biyu ne suka ɗauki jirgin zuwa saman gari, don Perina ta ce tsakuwa ma ba zai gani ba. Yana nan a ƙofar gidan, cike da ƙasa, ɗoɗɗoya da tumatir sun yi kyau a ciki. Akwatin gilashin kuma ta zuba albasa.

Dinko na zama a gindin jirgin da hular kakansa. In baƙo ya tsaya hutawa a matakala, zai nuna masa teku da hannu, ya ce duk wata ƙatuwar sipa da aka kama a gaɓar nan tun daga shekarar jikarsa ce, a falonsa aka yi renon ubansu. Saboda haka ya haramta wa kansa baƙar shinkafa, mutum ba ya cin jininsa.

Sai dai ranar Lahadi, in Goggo Vinka ce ta dafa. Ya ce ita ya tabbata ba ta tambayar suna.